Rumbun Jini: Kin San Me Ya Rage A Naki?



Kwanaki wata ƙawata da ake shirin bikinta ta zo mini duk ta fige. "Wallahi ban san abin da ya same ni ba," in ji ta. "Gashina sai zuba yake, ɗan aiki kaɗan sai haki, ga kwaɗayin farar ƙasa da ƙanƙara kamar mai ciki." A gida har an fara zancen sammu. An yi mata awon jini, aka ce bai yi ƙasa ba. Sai da likita ta sa aka auna feritin, nan gaskiya ta fito.

To mene ne feritin? Wani sinadari ne da jiki ke adana sinadarin ƙarfe a cikinsa, musamman a hanta da saifa da ɓargo. Ki ɗauke shi kamar rumbu, jini kuma tukunya. Rumbu yakan ƙare tun tukunya tana tafasa, shi ya sa za ki ga jini daidai alhali ajiya ta kusa ƙarewa.

A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020, budurwa ko babbar mace mai lafiya da feritin ɗinta ya gaza maikurogiram 15 a litar jini tana da ƙarancin ƙarfe. Mu mata abin ya fi kamawa saboda jinin al'ada, goyon ciki da haihuwa. Tsutsar ciki ma na tsotse nata.

Amma fa kada ki ga ya hau ki yi murna. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta ko wani kumburi a jiki kan ɗaga shi ko da rumbun babu komai. Masu sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini kuwa, ƙarfen kan taru ya yi musu yawa har ya taɓa hanta da zuciya. Don haka kar ki sayi maganin ƙarin jini a kemis don kawai kin ga ƙawarki na sha. Ki je a auna.

Ki riƙa cin hanta, nama, kifi, wake, zogale da alayyafo, ki matsa lemon tsami a kai. Shayin nan kuma ki bari sai an jima da cin abinci, don yana hana ƙarfen shiga jiki.

Ƙawata dai ta sha magani na wasu watanni, yanzu tana ɗakinta lafiya ƙalau.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum.