Haƙa Rijiya Bai Isa Ba, Sai da Mai Gyara

A shekarar 1988, da aka zagaya ƙauyukan Najeriya ana ƙidayar masu fama da kurkunu, an samu mutum fiye da 650,000. Cuta ce mai kwantar da manomi a daidai lokacin da gona take nemansa, kuma ba ta da magani, ba ta da allurar rigakafi. Da gyaran ruwan sha aka kashe ta: tace ruwan kududdufi da ƙyalle, hana mai ciwo tsoma ƙafa a tafkin da jama'a ke sha, da haƙa rijiyoyin burtsatse. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun sa hannu a aikin. An ga mai cutar na ƙarshe a 2008, kuma a Disambar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da kurkunu.

Duk ƙauyen da famfon tuƙa-tuƙa ko rijiya mai aiki da hasken rana ta shiga, mata ne ke fara ganin canji. Yarinyar da a da take sammako da tulu ko jarka, ta dawo rana ta take, yanzu tana iya samun darasin farko a makaranta. Uwa tana da ruwan wanke hannu da kwanuka ba tare da lissafin kowane moɗa ba, tana kuma wanke wa yara fuska, abin da ke rage ciwon idon da ke kai wa ga makanta. Yaro ya rage shiga tafki, tsargiya ta ragu. Kuɗin da ake kai wa kemis saboda gudawa da taifod ya koma cefane. Inda ruwan ya wadata har ɗan lambun rani ake yi, a shayar da awaki a gida, a rage cunkoson mutane da dabbobi a mashaya ɗaya, wanda sau da yawa daga nan rigima take tashi.

Amma wanda ya bi hanyoyin karkara ya san ragowar labarin. Ga famfo, ga allo ɗauke da sunan ɗan majalisar da ya kawo aikin, ruwa kuwa babu. Sau da yawa abin da ya lalace bai taka kara ya karya ba: roba ce ta cinye, ko sarƙa ta tsinke, ko an sace farantin sola. Ba wanda aka koya wa gyara, ba asusu, ba shagon kayan gyara a kusa. Sai jama'a su koma kududdufin da suka baro. A 2021, shekara uku bayan Gwamnatin Tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ruwa da tsafta, kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ta kashe sama da 3,000, kuma Bauchi da Jigawa da Kano na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Ra'ayinmu shi ne, an daɗe ana fifita bikin buɗe rijiya a kan kula da ita, kuma wannan almubazzaranci ne da dukiyar talakawa. Tayar da matacciyar rijiya ya fi haƙa sabuwa arha nesa ba kusa ba, sai dai ba a yanka kirtani a wajen gyara, shi ya sa 'yan siyasa ba sa rububinsa.

Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya wajaba gwamnoni su sakar musu mara, su kuma shugabannin ƙananan hukumomi su ware kason gyara a kasafinsu. Hukumomin samar da ruwa da tsafta a karkara na jihohi, wato RUWASSA, su ƙidaya rijiyoyin da suka mutu, su bayyana wa jama'a adadinsu. Dagatai da masu unguwanni su kafa kwamiti a kan kowace rijiya, da mata a ciki, a riƙa tara ɗan abin da ya sawwaƙa duk wata. Masu hannu da shuni da ke haƙa rijiya don neman sadaka mai gudana kuma, muna roƙonsu su haɗa da horar da matasa biyu a garin, su bar musu akwatin kayan aiki kafin su tafi.