Sharhi: Idan Sakamakon Gwaji Ya Shigo Gidan Aure



A shekarar 2024 gwamnan Kano ya sa hannu kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da na cuta mai karya garkuwar jiki. Madalla. Sai dai wanda aka gano yana ɗauke da ita bayan an daɗe da tarewa, babu dokar da za ta buɗe baki a madadinsa.

Sau da yawa mace ce ke fara sani, domin ita ke zuwa awon ciki a ɗebi jininta, maigida kuwa sai ciwo ya kwantar da shi yake taka asibiti. Ta dawo gida da fargaba: in ta faɗa, a ce ita ta kwaso, a miƙo mata takardar saki. Sai ta juye ƙwayoyin maganin cutar a robar maganin ƙarin jini, tana sha a ɓoye. Wani magidancin shi ma can wani gari yake zuwa karɓar nasa, don kada idon sani ya gan shi. A gidan da ake rabon kwana, wannan shiru bai tsaya kan mutum biyu ba. Yana bin uwargida da amarya, har jaririn da ke goye.

Alhali wanda aka fara gwadawa ba lallai shi ya kawo cutar ba. Tana iya yin shekaru a jiki ba alama. Maganin kuma kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnati, kuma likitoci sun tabbatar cewa mai shan sa a kan ƙa'ida, har gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa. Wanda aka ɓoye wa ne kaɗai ke zaune babu magani, babu kariya.

Faɗar ba sauƙi, ba mu musa ba. Mai tsoron duka ko kora ta fara gaya wa ma'aikaciyar lafiya. Ma'aikatan suna iya kiran ma'aurata a gwada su tare, a yi bayanin a gabansu.

Ku kuma magidanta, idan iyalinku ta zo muku da wannan magana, ku riƙe fushi, ku ɗauki sauran matan gidan ku tafi gwaji. Allah Ya ba mu lafiya.