A Finland, makulli ake fara miƙa wa marar matsuguni

Zuwa ga Edita,

A ba ni ɗan fili in jawo hankalin masu karatu kan yadda ƙasar Finland ta yi da mutanenta da ba su da inda za su sa haƙarƙarinsu.

A ƙarshen shekarun 1980 marasa matsuguni a ƙasar sun kai wajen 18,000, ga sanyin da kan hallaka wanda ya kwana a waje. A da, sai mutum ya daina shaye-shaye, ya nemi magani, ya natsu, sannan a ba shi ɗaki. Da yawa kan sare a hanya su koma titi.

A 2008 gwamnati ta juya tsarin. Makulli ake fara danƙa wa mutum. Ya sa hannu a takardar haya da sunansa, ya riƙa biyan haya, galibi da tallafin gwamnati, ba tare da an gindaya masa sharaɗin barin kwalba ba. A gine-ginen masu larura, ma'aikata na nan dare da rana, suna taya su cike takardu, suna raka su asibiti.

Ba gwamnati kaɗai ta ɗauki kayan ba. Ita ta zuba kuɗi, birane suka kawo ma'aikata, ƙungiyoyi suka gina suka kula. Gidauniyar Y-Foundation, da aka kafa a 1985, ta riƙa sayen gidaje ɗai-ɗai a cikin unguwannin kowa da kowa. A Helsinki, makwancin ƙungiyar Salvation Army da ke titin Alppikatu, mai gadaje kusan 250, ya koma gidaje wajen 80, kowa da ƙofarsa da banɗakinsa. Zuwa 2023 adadin marasa matsuguni a ƙasar ya sauka ƙasa da 3,500, ko da yake ya ɗan cira a 2024, shekarar da aka zaftare tallafin haya.

Wani kaso na kuɗin daga ribar caca ya fito, wanda ba abin koyi ba ne a wurinmu. Mu muna da zakka da waƙafi. Ina kira ga hukumomin zakka na Kano da Sakkwato su zauna da gwamnoni da attajirai, a samar wa masu kwana a tasha da ƙarƙashin gada ɗakunan da za su rufe da makullinsu.

Wassalam,
Mai karatu daga Kano