Haƙorin Makka ba ya ruɓewa, amma na ƙarƙashinsa fa?

Jama'ar Gaya, yau zan taɓo abin da na san zai sosa ran wasu, musamman iyayenmu hajiyoyi. A yi mini haƙuri. Maganar haƙorin Makka ce.

Makon jiya muka ɗauki goggona zuwa Doso, kumatu a kumbure, ko baki ba ta iya buɗewa sosai. Shekara 19 ke nan da ta sauke farali, kuma a shekarun nan ba wanda ya taɓa duba zinariyar da ke bakinta. Da likitan haƙori ya ɓamɓare kwanson, abin da ke ciki ya yi baƙi ƙirin, ya rududduge har gindi, dole aka cire shi. Ashe ta kai wata shida tana jin wari da zogi, tana cusa kanumfari, tana ɓoye mana, wai kada a raba ta da shaidar hajjinta.

To, wa ya ce hajji a baki yake? Sa haƙori ba ya cikin rukunan hajji. Ado ne muka ɗora wa kanmu, kuma ni ban hana kowa ado ba. Abin da nake faɗa da shi shi ne wannan tunani na cewa in an sa shi an sa ke nan har kabari.

Abin da muke kira haƙorin Makka hula ce ta ƙarfe da ake kifa wa haƙori mai rai. Kafin ta zauna, yawanci sai an goge haƙorin an rage shi, kuma wannan farin ɓawo mai tauri da aka kankare ba ya sake tsirowa. Sannan a liƙa hular da wani irin siminti na haƙori. Zinariya ba ta ruɓewa, gaskiya ne. Amma simintin yana zaizayewa, dasashi yana ja da baya in shekaru sun tura, sai ƴar kafa ta buɗe a bakin hular. Nan tuwo ke maƙalewa, nan sukarin shayin da muke sha safe da yamma ke kwana. Daga waje ana murmushi tana walƙiya, a ciki haƙori na cinyewa.

Ko hular da likita ya auna baki ya sa aka ƙera daidai da haƙorin mutum, yawanci shekara 5 zuwa 15 ake ba ta. Ta zinariya mai kyau tana iya wuce 20 in ana kula. Ina ga kwanson da aka zaɓo daga cikin gwangwani, aka matsa shi cikin minti goma, mutane na layi a baya?

Wani zai ce ai kakarsa da nata ta rasu, bai taɓa damunta ba. Na yarda, akwai masu sa'a. Sai dai waɗanda nasu ya ruɓe ba sa shela, shiru ake yi a cire. Shi ya sa labarin kakarka kaɗai muke ji.

Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne yanzu ba sai an je Makka ba. Ranar kasuwa za ka ga mai jaka ya shimfiɗa kaya, ko nan ko Kamba ko tsallake a Malanbil, ƴan mata na miƙa masa lafiyayyen haƙori yana gogewa. Ƙarfen da ya shiga bakin wannan shi zai shiga bakin waccan, ba a dafa ba. Ciwon hanta nau'in B ta jini yake bi, kuma dasashi ba ya rasa fitar da jini. Wannan kam ganganci ne, wallahi.

Wanda ya riga ya sa, don Allah ya goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki mai fuloraid, ya bi bakin hular inda ta haɗu da dasashi. Asuwaki na da amfani, amma ba ya shiga tsakanin haƙora, sai an sa zare. A daina fasa ƙashi ko buɗe kwalba da shi. Raken nan namu na Gaya kuma a fere shi da wuƙa, a yanka ƙanana. In ruwan sanyi ya fara tsira maka a wurin, ko wari ya ƙi tafiya, ko hular na motsi, lokacin zuwa likita ya yi. In ta faɗo a adana ta a kai masa, kada a mayar da gam ɗin liƙa takalmi. Kumburin da ya gangaro wuya kuwa yana iya toshe numfashi, ba a kwana da shi.

Na san Doso ba kusa ba ce, kusan kilomita 150, ga kuɗin mota. Amma mu da muka jira mun biya mota, mun biya magani, mun kuma baro haƙorin a can. Goggo ta samu sauƙi, alhamdulillahi. Zinariyar tana ƙulle a bakin zanenta, jiya ma tana tambayata ko za a iya mayar mata da ita a kan na kusa da shi.