Sokode da Dapaong: tsohon gini ba ya tsira sai da aikin yi

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Lome zuwa Sinkase, ya ratsa Sokode har ya kai Dapaong, zai ga yadda benayen siminti ke ta tashi a bakin titi, shaguna a ƙasa, ɗakunan haya a sama. Babu mai ƙin ci gaba. Abin damuwa shi ne sau da yawa sai an rushe gidan kakanni kafin a haƙa harsashin sabon.

Sokode gari ne mai tarihi. Tun kafin zuwan Turawa, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suke yada zango a wannan yanki, kuma 'yan kasuwa Musulmi ne suka raya unguwar Didawure. Jamusawa sun kafa barikinsu a garin a ƙarshen ƙarni na 19, wasu daga cikin gine-ginensu suna nan tsaye har yau. Abin tambaya a nan shi ne, wa zai ɗauki nauyin gyaran irin waɗannan wurare?

Idan mai karatu bai manta ba, fadar gwamnonin Jamus da ke Lome, wadda aka kammala a 1905, ta shafe fiye da shekara 20 a yashe. Da aka gyara ta aka buɗe a 2019, sai ta zama wurin baje kolin fasaha, da lambun shaƙatawa da wurin cin abinci. A Agadas ta Nijar, wadda tsohon garinta ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 2013, fadar Kawusan ta tsira ne domin an mayar da ita otal. A Kano kuwa, an rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa a 2010 saboda faɗaɗa titi. Darasin a fili yake: ginin da ake shiga kullum, yake kawo ɗan kuɗi, shi ake yaɓe wa kafin damina.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a zango. Gidan mai masauki na da can ya haɗa komai: zaure na ciniki da karatun allo, ɗakunan baƙi da na ajiyar kaya a tsakiya, iyali a ciki. Abin da ke kashe irin waɗannan gidaje yanzu shi ne rabon gado. Magada sun yi yawa, babu mai ƙarfin gyara, sai a sayar wa mai kuɗi a raba, shi kuma ya kawo katafila.

Matsalar Dapaong ta fi gaggawa. Tun bayan hare-haren da suka fara a yankin Savanes a 2021, mutane da dama sun baro ƙauyuka sun shigo gari, buƙatar muhalli ta ƙaru. Wanda ke neman inda zai kwantar da 'ya'yansa ba za a yi masa wa'azin tarihi ba. Don haka dole gyaran ya zo da ƙarin ɗakuna da shaguna.

Tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2019, irinsa na farko tun 1987, garuruwanmu suna da zaɓaɓɓun magadan gari. Ya kamata su zauna da sarakuna da limamai da masu unguwanni a rubuta sunayen gine-ginen da suka cancanci a kiyaye. Wanda ya yarda ya bar zaure da fuskar gidansa, a sassauta masa haraji, a ba shi izinin ƙara gini daga baya. Tsofaffin gine-ginen gwamnati kuma a ba masaƙa da maɗinka da ƙungiyoyin mata haya mai sauƙi bisa sharaɗin kula da su.

Magina masu sanin aikin ƙasa suna ta tsufa, matasa kuwa sun koma bulo. Idan aka yi jinkiri, ko an samu kuɗin gyara ba za a samu mai yi ba. Allah ya sa shugabanni su ji.