Yanka Ba Ya Kashe Cuta

Jama'a, akwai wata al'ada tamu wadda ya kamata mu dube ta da idon basira. In saniya ta kwanta ciwo, mai ita ba ya neman malamin dabbobi, wuƙa ya ke nema, kada ta zama mushe ya yi hasara. A yanka, a feɗe, a kasa kashi-kashi da araha. Mu nan Arikya da sauran ƙauyukan Lafiya, wa zai rantse bai taɓa cin irin wannan nama ba? Ni dai na ci.

To, yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe cuta. Saniya mai ciwon saifa, ko da bisimilla aka yanka ta, jininta yana iya harbin mahaucin da ya feɗe ta, da matar da ta wanke naman. A watan Yuli na 2023 an sami wannan ciwo a wata gona kusa da Suleja. Ga kuma tarin fuka na shanu, ga ƙwayayen tsila masu kama da tsabar shinkafa cikin tsoka.

Turawa ma sai da suka sha wuya kana suka gyara. A 1906 wani marubuci, Upton Sinclair, ya tona ƙazantar mayankan birnin Shikago, har mutane suka riƙa ƙyamar nama. Cikin shekarar nan Amurka ta yi doka, watau a duba dabba tana tsaye, a kuma duba ta bayan an feɗe. Mu ma zamanin En'e an yi duba-gari masu zaga kasuwannin birane, amma ƙauye sai wanda ya gani.

Na san abin da za a ce: saniyar talaka ita ce bankinsa. Gaskiya ne, wanda aka ce ya binne dukiyarsa ba ya jin wa'azi. Don haka ni a ganina mahauta da makiyaya su kafa asusu a hannun Sarkin Fawa, a rage wa mai hasara zafi, sa'an nan a hana feɗe dabbar da ta kwanta sai malamin dabbobi ya gani.

Mu kuwa masu shirin zama malamai, darasin kiwon lafiya kada ya tsaya a allo. Ranar kasuwa a kai yara kwata da sassafe, a roƙi mahauci ya nuna musu hanta da huhu masu lafiya, da waɗanda ba su da ita.