Wutsiya Ma Mota Ce: Wasiƙa a Buɗe ga Direbobin Tirela Masu Ƙetare Boda

Iyayen gidana da ƙannena masu jan tirela tsakanin Najeriya da Nijar.

Shekara huɗu na yi ina yaron mota, goma sha ɗaya a kan sitiyari, kafin ciwon baya ya sauke ni na koma zaman rumfa a bakin boda ina cike wa mutane takardu. Abin da na gani daga rumfar nan ya fi wanda na gani daga kujerar direba, domin direba motarsa kawai ya sani, mu kuwa duk wadda ta maƙale a gabanmu take kwana.

Wata shekara da hunturu wani Bature da matarsa suka iso da jif tana jan ɗaki mai taya, irin wanda suke yawon duniya da shi: ga gado, ga murhun gas, ga tankin ruwa, har da ɗan banɗaki. Yara suka yanyame shi. Mutumin ya fito da wani littafi mai bango ruwan ɗorawa da ake kira karne. Ƙungiyoyin masu motoci na ƙasashensu ke bayar da shi, su tsaya wa mutum a kan cewa motar da ya shiga da ita wata ƙasa zai fito da ita, in kuwa ya sayar, su za a bi kuɗin fito. Kowane shafi kashi uku ne: a yage ɗaya ranar shiga, a yage ɗaya ranar fita, na ukun ya zauna a littafin da tambari biyu. Jami'in kwastan ya karanta, ya zagaya baya, ya durƙusa wajen ƙarfen da ya haɗa jif da ɗakin, ya ɗago ya ce, "Wannan fa, ina nata?" Littafin lambar jif kaɗai ke ciki. Bature ya ce ai wannan kaya ne, kamar akwati. Jami'in ya ce akwati ba ya da taya, ba ya da lambar rajista, ba ya da lambar shasi. Duk abin da ya haɗa ukun nan mota ne.

Mun sha dariya a wajen mai shayi. Ba a yi sati biyu ba sai ga ɗaya daga cikinmu, tsohon hannu, da DAF ɗinsa da lodin siminti, ya faɗa ramin da Bature ya faɗa. Kan motarsa ya lalace a hanya, maigidansa ya aiko da wani kai aka ɗaura wa bodin, aka ci gaba da tafiya da tsofaffin takardu. A takarda kai ɗaya ne, a ƙasa wani ne. Daga nan dariya ta ƙare.

A gida mun saba ɗaukar kai da bodi abu guda. Ɗan sandan hanya lasisi zai tambaya da takardun kai, da wuya ya leƙa baya. A boda lissafin daban ne. Mota biyu ka zo da su: mai inji da marar inji. Kowace sai ta nuna shaidar mai ita, kowace sai an ga inshora ta ambace ta, kuma kowace sai an rubuta shigarta da fitarta. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Bodi dukiya ce mai tsada, kuma babu abin da ya fi ta sauƙin sayarwa: a zare fin, a janye kai, shi ke nan ta zama ta wani. Kwastan na kowace ƙasa ya san haka. Tun Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motocin sayarwa ta iyakokin ƙasa, saboda haka duk abin hawa mai lambar waje da ya shigo, idon jami'ai na kansa har ya fita. A wancan ɓangaren ma 'yan duwan, wato kwastan ɗinsu, ba su ɗauki abin da wasa ba. Wutsiyar da ka shiga da ita, ita za ka fito da ita.

To ina roƙonku abu ɗaya, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kana gareji, kafin a yi lodi, ɗauki tocila da tsumma da ɗan kananzir ka shiga ƙarƙashin bodi ka nemi lambar shasi da idonka. Kada ka aiki yaro. Ka karanta ta harafi bayan harafi, takarda na hannunka. Sau nawa na ga 8 ta zama 3 saboda tsatsa, ko akawun da ya buga takarda ya sa 5 inda ƙarfe ya ce S. Mafi muni shi ne aikin mai walda. Bodi ta tsage, an kai ta gyara, ya ɗora faci daidai kan lambar, mai fenti ya zo ya shafe sauran. Babu wanda ya yi niyyar cuta, amma je ka gaya wa jami'in da ya ga lamba a ƙarƙashin walda haka. A wurinsa bodin sata ce har sai ka kawo hujja. In bodinka irin wadda ake ƙerawa a gida ce, ka tabbata lambar da aka buga mata ita ce a takardar rajistarta. Ka ɗauki hoton lambar da wayarka, da hoton lambar rajistar gaba da ta baya.

In kuma motar ba taka ba ce, kamar yawancinmu, kada ka bar gida ba tare da takardar maigida mai sa hannu ba, wadda ta ce ya ba wane izinin fita da kai mai lamba kaza da bodi mai lamba kaza. In bodin haya ce daga wani mutum na uku, tasa takardar daban. Kuma ranar da kai ya mutu a ƙasar mutane aka ce za a aiko da wani, kafin a ɗaura, a je ofishin duwan mafi kusa a faɗa, a gyara takarda. Yini guda za ka ɓata. Abokinmu mai siminti kwana tara ya yi, ruwa bai sauka ba don Allah ya rufa asiri.

Maganar inshora ma haka. Katin inshorar ECOWAS, wanda muke kira birawun kat, an kafa shi tun 1982 don in ka buge wani ko ka ɓarnata dukiyarsa a wata ƙasar, a samu inda za a biya shi ba sai an tsare ka ba. Ba ya biyan motarka, ba ya biyan kayanka, na wanda ka yi wa ɓarna ne kawai. Ku duba ko lambar bodi na jikinsa. Mu da muka yi tuƙi mun san yawancin ɓarnar tirela ba kai ke yin ta ba. Wutsiya ce ke shafar mai babur a kwana, ita ke kwashe rumfar mai tireda, ita ke zubar da taya ta gangara cikin kasuwa. In katin kai kaɗai ya sani, ka sayi rigar da ba ta rufe baya ba. Kuma ku saye shi a ofishin kamfanin inshora, ba wajen mai jaka a gindin bishiya ba.

Na san wani zai ce ai Nijar ta fita daga ECOWAS. Haka ne, ita da Mali da Burkina Faso, tun 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku, a bar su su yi zirga-zirga ba biza har sai an sake sanarwa. Ƙasashen uku kuma a watan Maris na shekarar suka sa harajin kashi 0.5 cikin ɗari kan kayan da ake shigar musu daga waje. Tsohuwar yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba motar gida kwana 90, motar haya mai fasinja kwana 15, mutane da yawa har sun haddace wannan. Ni dai shawarata, ka bar hadda, ka karanta abin da aka rubuta a takardar izinin shigar mota, wato lese-fase, da aka miƙo maka yau. Kwanakin da ke jikinta su ne kwanakinka. Kafin ka tashi kuma ka bi ta ofishin ƙungiya, ko NARTO ce ko wadda kake ciki, ka tambayi wanda ya dawo jiya.

Lese-fasen nan ku riƙe ta kamar kuɗi. Ranar fita ka mayar da ita, ka tsaya har a buga tambarin fita a gabanka, na kai da na bodi. Gajiya kan sa mutum ya ga an ɗaga sanda ya taka mai ya wuce, ga gida yana hangowa. A littafinsu kuwa motarka tana cikin ƙasar har yanzu. Sai bayan wata shida ka dawo da lodi a ce ina motar da ka shigo da ita ka sayar. In ka shiga ta Jibiya da Ɗan Isa amma lodin dawowa ya kai ka Ƙonni za ka fito ta Illela, ka tambaya tun wajen shiga ko takardar ta yarda da haka.

Sai sikeli. Nijar tana cikin ƙungiyar ƙasashe masu kuɗin sefa, UEMOA, kuma suna da doka mai lamba 14 ta shekarar 2005. Tirela mai aksil shida tan 51 ne iyakarta, kuma wannan har da nauyin motar kanta, ba kaya kaɗai ba. Tsayi daga ƙasa mita 4, faɗi mita 2.55. Tarar obalodi ga motar da ta ƙetaro daga wata ƙasa sefa 60,000 ce a kan kowane tan, ninki uku na ta motar cikin gida, sannan a sauke rarar a kan kuɗinka. Mai kaya zai ce ƙara buhu hamsin ba komai, ɗan kamasho zai taya shi, don shi a kan buhu yake ci. Babu ɗayansu da zai kwana da kai a sikeli. Kuma ba jimilla kaɗai ake aunawa ba, kowane aksil da nasa, saboda haka ka tsaya a kan masu lodi kada su jibge nauyi a baya.

Abin da ke cikin bodi kuwa, wanda ke riƙe da sitiyari shi ake tambaya. Ba na son na tsawaita a nan, duk kun san waɗanda ke gidan yari a kan katan biyu na tiramol da ba su san da shi ba, ko suka ce ba su sani ba. A yi lodi kana tsaye. A ɗaure tamfol kana tsaye. In an sa hatimin kwastan, ka rubuta lambarsa, ka duba shi duk inda kuka yada zango. Akwatin kayan aiki, bayan safaya, ƙarƙashin gadon cikin kai, duk ka laluba da hannunka kafin boda, don wani lokaci yaronka ne aka ba dubu biyar ya ajiye "saƙo". Kada ka tsane shi, ka tuna nawa kake ba shi. Kayan halal ma kan zama haram dare ɗaya. A Oktoban 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi irin su gero da dawa da masara sai zuwa Mali da Burkina, a 2025 gab da babbar salla ta dakatar da fitar da dabbobi. Wanda ya yi lodi da labarin bara, shi ya sani.

Ga sababbin hannu: in aka ce maka dala ashirin a Maraɗi, sefa ɗari ake nufi, dala ɗaya sefa biyar ce, jika kuma dubu. Na ga yaro ya yi rigima da mai abinci a kan wannan har aka taru. Hausa ɗaya muke ji da su, lissafi ne ya bambanta. Duk kuɗin hukuma da ka biya ka nemi rasit cikin ladabi. Katin allurar shawara ya zauna tare da fasfo ko katin shaida, naka da na yaronka, don sau da yawa direba a shirye yake, yaron ne ba shi da ko takarda ɗaya. Ka kashe mota, ka sauko, ka yi sallama. Ban ce kowane jami'i waliyyi ba ne, na zauna da su na san hali, amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai cikakkun takardu in an matsa masa yana da bakin magana.

Iyakar nan ta kai kimanin kilomita 1,500, kuma mun ga an rufe ta sau biyu cikin shekara biyar. Daga Agustan 2019 har Disamban 2020 kafin a buɗe Illela da Maigatari, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. Aka sake rufewa bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ba a buɗe ba sai Maris 2024. Waɗanda abin ya rutsa da su a layi sun ga yadda albasa ke zama ruwa a cikin bodi, tayoyi na tsotsewa, batir na mutuwa, lese-fase na ƙarewa mota na tsaye. Tun daga lokacin nake gaya wa duk wanda ya zauna a bencina ya yi magana da mai kaya tun a gida: in aka rufe hanya, wa ke ciyar da direba, wa ke biyan gadi, kwana nawa za a jira kafin a juya. A faɗa gaban shaidu. Ka kuma ware kuɗin da ba na mai ba, ba na hanya ba, ka ɓoye inda kai kaɗai ka sani.

Baturen nan kwana huɗu ya yi, yana dafa shayinsa a cikin ɗakin da ya jawo masa tsaiko, har aka samo mai tsaya masa aka yi wa ɗakin takardar shiga ta wucin gadi. Da zai tafi ya zo rumfata ya sa na rubuta masa lambar shasin da manyan baƙaƙe a kan kwali, ya manna a jikin gilashi.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku gida lafiya. A gaida yaran mota.

Naku,
Tsohon direba, daga rumfar bakin boda